Amsar Wasiƙunku: Tsibirin Da Aka Sake Ginawa Da Lakar Yasa

Wani mai sauraronmu, manomin shinkafa a fadamar bakin Neja, ya rubuto mana yana cewa tun shekarar 2009 da marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da aikin yashe kogin daga Warri zuwa Baro, abu guda ke damunsa: wai shin lakar da ake kwasowa daga ƙarƙashin ruwa zubarwa kawai ake yi, ko kuwa akwai inda ta taɓa yin amfani?

To malam, mun gode da wannan tambaya. Akwai, kuma bari mu kai ka Amurka, jihar Maryland, inda wani tsibiri yake mai suna Poplar, a cikin wani babban lungun teku da ake kira Chesapeake.

Lokacin da aka auna wannan tsibiri a 1847, ya haura eka 1,100. Daga baya har ƙauye aka yi a kansa mai mutum wajen 100, da makaranta da gidan waya da injin yanka katako. Ana ma ba da labarin wani attajiri da ya zuba baƙaƙen kyanwoyi a can don ya riƙa sayar da fatunsu, sai sanyi ya daskarar da ruwa, kyanwoyin suka bi ta kan ƙanƙara suka tsere, jari ya karye. Allah Ya kyauta. Amma babbar asarar ba ta kyanwa ba ce. An sare itatuwa, igiyar ruwa tana cin gaɓa, ƙasar kuma tana nitsewa sannu a hankali. Kafin 1930 mutanen ƙauyen sun watse. Zuwa farkon shekarun 1990 abin da ya rage bai wuce eka 5 ba, shi ma a gutsuttsure.

A ɗaya gefen kuma ga tashar jiragen ruwa ta birnin Baltimore da tata matsalar. Manyan jiragen kaya suna bukatar hanya mai zurfin ƙafa 50, koguna kuwa ba sa fasa kawo laka, don haka yasa ba ta ƙarewa, kamar dai yadda rijiya ke neman yasa in ta cushe. A da, sai a ɗauki lakar a kai wani wuri mai zurfi a juye cikin ruwa. Masunta suka yi ta kuka cewa ana gurɓata ruwa ana binne abincinsu, har a 2001 majalisar jihar ta yi dokar da ta sa wa'adin daina wannan zubarwa. Ka ga ke nan, ga tsibiri na neman ƙasa, ga tasha na neman inda za ta kai ƙasa.

An fara aikin a 1998, tsakanin sashen injiniyoyin sojan Amurka da hukumar tashar jiragen ruwa ta jihar. Da farko suka yi jinga ta yashi da duwatsu a kan tsohuwar iyakar tsibirin, suka rarraba cikinta kashi-kashi kamar fangalin shinkafa. A 2001 laka ta fara isowa. Kwale-kwalen dako ke kawo ta, a dama ta da ruwa ta koma kamar kunu, a tura ta cikin bututu zuwa cikin fangalin. Daga nan sai haƙuri. Sai an tsiyaye ruwan, an yanka lambatu, rana ta busar da saman, lakar ta kwanta ta yi ƙarfi, kuma wannan shekaru yake ci. Bayan haka a daidaita tsayin ƙasa, a haƙa 'yan magudanai masu lanƙwasa, a dasa ciyawar da ke jure gishiri da hannu, sannan a buɗe wa teku hanya.

Wurin daidaita tsayin nan ne gwanintar take. Ruwan teku yakan ciko ya janye sau biyu a kwana ɗaya. In ƙasa ta yi tudu da yawa ruwan ba zai hau ba, in ta yi kwari ciyawa ta nitse ta ruɓe. Bambancin taƙi ɗaya ya isa ya ɓata aiki. Duk manomin fadama ya san wannan ba sai an karanta masa ba.

Amfanin irin wannan fadama ta bakin teku shi ne tana karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta kai gaɓa, ƙananan kifaye da ƙaguwa suna girma a cikinta, tsuntsaye na samun wurin ƙwai. Wani irin kunkurun ruwa da ake ji da shi a jihar ya dawo yana saka ƙwai a tsibirin tun ana cikin aiki. Da aka ga abin ya karɓu sai aka ƙara faɗin shirin zuwa eka 1,715.

Ba a ce komai ya tafi sumul ba. Lakar nan taki ya yi mata yawa, ciyawar ta yi tsawo ba saiwar kirki, a wasu fangalin ta kwanta ta bushe, kamar shinkafar da aka cika wa takin zamani. Sannan aiki ne mai cin kuɗi ƙwarai, gwamnatin tarayya ke ɗaukar kashi 75 cikin 100, jihar ta biya sauran.

Abin da nake so ka riƙe, malam, tunda na san tunaninka na kan gonarka, shi ne ba kowace laka suke kaiwa can ba. Wadda aka yaso daga cikin tashar Baltimore kanta, inda masana'antu suka daɗe suna zubar da dattinsu, ba a yarda ta shiga Poplar ba. Wani killataccen wuri dabam, tsibirin Hart-Miller, shi ya riƙa karɓar irinta daga 1984 zuwa 2009. Ta buɗaɗɗiyar hanyar jirage kawai ake ɗauka, ita ma sai an gwada ta. Saboda haka in an tara abin yasa kusa da ku, a fara tambayar daga wane wuri aka kwaso shi, laka ce ko zallan yashi, kuma a nemi malamin gona ya duba kafin a kai gona ko amalanke ɗaya.