Pontiac Vibe: motar da kamfaninta ya mutu ya bar ta tana lodi a hanyar Jega (Zare 🧵)

1/
Jama'a, akwai wata mota da ta cika hanyoyinmu, daga Jega zuwa Aliero, Maiyama, Koko har Birnin Kebbi. Malaman makaranta na hawanta, 'yan kasuwar albasa na hawanta, ango ma idan ya samu sarari ita yake nema. Pontiac Vibe. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne an rufe Pontiac tun 2010, kuma Vibe ta ƙarshe ta fito daga masana'anta a watan Agusta 2009. To me ya hana ta ɓacewa? Ku biyo ni.

2/
Mu fara da sunan. Pontiac sunan mutum ne, shugaban ƙabilar Odawa, cikin 'yan asalin Amurka tun kafin zuwan Turawa. A 1763 ya haɗa kan ƙabilu suka yi wa sansanin Turawan Ingila da ke Detroit ƙawanya na tsawon watanni. An kashe shi a 1769. Daga baya aka sa wa wani gari a jihar Michigan sunansa, motar kuma ta ɗauki sunan garin da na mutumin. Wannan alamar mai kama da kan kibiya da ke gaban motarka, daga nan asalinta yake.

3/
General Motors, wato GM, ya fito da Pontiac a 1926 a matsayin ƙanwar wata mota mai suna Oakland. Ƙanwa ta fi yaya kasuwa, a 1931 aka binne Oakland. A shekarun 1960 Pontiac ta zama motar samari masu son gudu: GTO a 1964, Firebird a 1967. Baƙar motar nan mai magana ta shirin Knight Rider, Pontiac Trans Am ce ta 1982. Ku tambayi iyayenku.

4/
Yanzu ga inda labarin ya fi daɗi. GM na da wata masana'anta a Fremont, jihar Kalifoniya, wadda ta yi ƙaurin suna wajen yajin aiki, fashin zuwa aiki da fitar da motoci masu matsala. A 1982 GM ya gaji ya kulle ta. A daidai lokacin motocin Japan na cin kasuwar Amurka, gwamnati na matsa wa Japan lamba ta rage shigo da su. Toyota na son koyon ƙera mota a cikin Amurka da ma'aikatan Amurka, GM na son gane sirrin ingancin Toyota. Kowa da buƙatarsa, sai suka yi haɗin gwiwa a 1984, suka sake buɗe wurin da sunan NUMMI.

5/
Mafi yawan ma'aikatan da aka ɗauka tsofaffin nan ne da ake cewa ba su da amfani. Toyota ta kwashi ɗaruruwa ta kai su masana'antarta ta Takaoka a Japan. Can suka ga wani abu da ba su saba ba: kowane lebura na da igiya kusa da shi, idan ya ga kuskure ya ja, a zo a gyara nan take ko da layin ƙira zai tsaya. A tsarin da suka baro, wanda ya tsayar da layi ya ja wa kansa. Mutanen ba su canza ba, ginin bai canza ba, amma cikin ɗan lokaci motocin Fremont suka shiga sahun gaba a inganci cikin duk na GM.

6/
A wannan masana'anta aka fara ƙera Vibe a 2002, samfurin 2003. Ƙashin bayanta Corolla ne. Tagwaiyarta ita ce Toyota Matrix, wadda ake haɗawa a Cambridge ta ƙasar Kanada. Injin ƙaramar Vibe ta farko shi ne 1ZZ-FE mai lita 1.8, wanda ke cikin Corolla 2003 zuwa 2008. Har an riƙa kai Vibe Japan da sitiyari a dama ana sayar da ita da sunan Toyota Voltz, 2002 zuwa 2004. Ba ta yi kasuwa a can ba.

7/
Wani tsohon bakanike a Jega ya taƙaita mini zancen da na tambaye shi: “Wagga ai Corolla ta, riga ɗai ta sake.” Ba ya ma duba alamar gaba. Fulogi, fanfon ruwa, fanfon mai, birki, shokazoba, giyabos, na Corolla ko Matrix yake aikawa a sayo.

8/
Sai rikicin tattalin arzikin duniya na 2008 ya zo. GM ya durƙushe, gwamnatin Amurka ta zuba masa kuɗi da sharaɗin ya rage kaya. Ranar 27 ga Afrilu 2009 aka sanar za a rufe Pontiac. Ranar 1 ga Yuni GM ya shiga kotu neman kariyar fatara. Ya riƙe Chevrolet, Cadillac, Buick da GMC, ya saki Pontiac, Saturn, Saab da Hummer. (Ba bas ɗin da muke ce wa Homa a tasha ba fa, waccan Toyota Hiace ce, mu muka raɗa mata suna 😅)

9/
GM ya janye daga NUMMI, Toyota ta ce ba za ta iya ita kaɗai ba. Ranar 1 ga Afrilu 2010 mota ta ƙarshe, Corolla, ta fito aka kulle. Bayan 'yan makonni Tesla ya sanar da sayen wurin a kan dala miliyan 42. Wato ginin da aka haɗa Vibe ɗin da ke ɗaukar buhun albasa a Aliero, a cikinsa aka fara ƙera Tesla Model S a 2012.

10/
Ta yaya ta zo mana? A Amurka, mota idan sunanta ya mutu farashinta na hannu yakan faɗi, don masu saye na tsoron rashin dila da rashin kayan gyara. Dillalanmu kuwa sun buɗe bonet sun ga injin Toyota. Corolla a farashin marainiya, wa zai bari? Aka riƙa lodo su a jirgin ruwa zuwa Legas da Kwatano. Jiharmu na da iyaka da Benin da Nijar duka, shi ya sa kalmar “'yar Kwatano” ba baƙuwa ba ce a bakin kowa a nan.

11/
Daga 1 ga Janairu 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. A Agusta 2019 aka rufe iyakokin har Disamba 2020. Sai 2023: cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, sakin naira a watan Yuni. Dalar da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, kuɗin kwastan ya bi ta. Abu biyu suka faru tare: 'yar Kwatano ta fi ƙarfin mai albashi, kuma kowa ya koma neman mota mai ɗan shan mai. Vibe ta hannun gida, wadda ta riga ta sha hanya, ta yi tsadar da masu ita ba su taɓa zato ba.

12/
Na zauna da masu ita da dama, kuma yabonsu kusan iri ɗaya ne. Wani kawuna da ke kasuwancin albasa ya ce bayanta ya saya, ba gabanta ba. Kujerun baya na kwanciya shamal, shimfiɗar wurin kaya roba ce mai tauri ba kafet ba, ka zuba buhu ka sauke ka goge da tsumma. A samfurin farko gilashin baya na buɗewa shi kaɗai, kujerar gaba ta fasinja ma na ninkewa, sai ka zura katako ko bututun ban-ruwa. Tana da ɗan tsayi daga ƙasa, wanda ya san hanyoyin ƙauyukan Maiyama da damina ya san darajar wannan.

13/
Wani malami da ke zirga-zirga tsakanin Maiyama da Jega kullum ya ce abin da ya fi kwantar masa da hankali shi ne ko ina ta tsaya akwai yaron gareji da ya san injinta. Ba sai an jawo ta Birnin Kebbi ko Sakkwato ba.

14/
Kukan nasu ma iri ɗaya ne, kuma a nan ne mutuwar Pontiac ke cizo. Duk abin da ido ke gani daga waje na Pontiac ne: fitilun gaba da na baya, bamba, bonet, fenda. Na Matrix ba ya shiga. Akuya ta gitta maka a hanyar Aliero, fitila ta fashe, to ka shiga jira. Sai an buga waya Kano ko kasuwar Ladipo a Legas, a ciro daga jikin wata Vibe da aka yanka, ko ka haƙura da jabun da zai yi dishi-dishi bayan damina ɗaya. Shi ya sa za ka ga Vibe da injinta ke kaɗawa lafiya lau, amma an ɗaure bamba da waya, fanalbita ya yi iya yinsa.

15/
Masu gyaran sanyi sun ce kwamfuresar samfurin farko ba irin ta Corolla ba ce, ta ɓangaren GM ce, haka rediyo. A garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, wannan ba ƙaramin zance ba ne.

16/
Sai shan baƙin mai. Injin 1ZZ na shekarun farko ya yi suna da wannan idan ya tsufa, zobban fistin ne ke toshewa. Samfuri na biyu, 2009 da 2010, kashi biyu ne: mai 1.8, da mai 2.4 wanda ke amfani da 2AZ-FE irin na Camry. Mai 2.4 ya fi ƙarfi, ya fi shan fetur, kuma shi ma an san shi da cin baƙin mai. Akwai kuma mai ja da ƙafa huɗu, wadda da yawa a nan ke kwance mata sandar baya idan ta fara kuka. A ganina saurayi mai motar farko ya tsaya kan 1.8 mai ja da gaba, ya bar burga.

17/
Wani abin dariya: mitar samfurin farko na tsayawa cak a 299,999. Haka Corolla da Matrix na shekarun. Ba tsafi ba ne, haka aka tsara ta. Idan ka ga wannan lamba, motar ta wuce nan, Allah kaɗai ya san da nawa. Kuma 'yar Amurka da mil take ƙirga. Mil 200,000 ya kai kusan kilomita 322,000. Dillali ya ce maka “200 kacal ta yi”, ka tambaye shi 200 na me.

18/
Yanzu maganar da ta sa na yi wannan zare, don ta shafi rai. Balan-balan ɗin kariya na gefen fasinja a Vibe ta farko na kamfanin Takata ne. Sinadarin da ke hura shi yana lalacewa da zafi da danshi idan shekaru suka yi nisa, sai ya fashe da ƙarfin da ya wuce kima, ya watsa ɓarɓashin ƙarfe a fuskar wanda ke zaune. Mutane sun mutu ta haka a ƙasashe da dama, an janye miliyoyin motoci, Takata ya karye a 2017. A Janairu 2024 Toyota ta gargaɗi masu Corolla da Matrix na 2003 da 2004 da ba a gyara ba da su daina tuƙawa sam, kuma Vibe ta waɗannan shekarun na cikin jerin da hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, NHTSA, ta fitar.

19/
A can gyaran kyauta ne a wurin dilolin GM. Amma motar da ta baro Amurka kafin a kira ta, wa ya canza mata? Ta zo ƙasar zafi ta yi shekara 10 tana kwana a rana, matarka ko mahaifiyarka ce ke zama a wannan kujerar. Akwai kuma kiran da aka yi a 2010 kan ƙwaƙwalwar injin samfurin 2005 zuwa 2008, abin da makanikai ke ce wa birenbos, wadda kan sa mota ta mutu tana cikin tafiya. Nan gida sau da yawa gurɓataccen mai ake zargi, a yi ta wanke nozul a banza.

20/
Dubawa ba ta cin ko sisi sai data. Lambar shasi mai harufa da lambobi 17 na ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. Ta Vibe na farawa da 5Y2. Ka sa ta a shafin NHTSA, zai nuna kiran da ba a amsa ba. Kafin ka biya kuɗi kuma ka sa a ɗaga ta a leƙa ƙasa: motocin jihohin dusar ƙanƙara gishirin hanya na cinye musu ƙarfe, wasu kuma daga gwanjon haɗari da ambaliya aka sayo su, fenti ya rufe asiri.

21/
Don ku ga ba kowace marainiya ke samun gatan Vibe ba, ku tuna Daewoo. Racer ta cika gari a shekarun 1990. Kamfanin ya karye a 2000, GM ya saye shi a 2002, a 2011 aka cire sunan a Koriya ta Kudu kanta. Ina Racer yau? Ba ta da dangi mai yawa a garejinmu da za ta ari kaya wurinsu, sai ta koma ɗakin kaji a bayan gida. Abin mamaki, wannan Racer ɗin ita aka sayar a Amurka daga 1988 zuwa 1993 da sunan Pontiac LeMans. Suna ɗaya a goshi, ciki daban, ƙarshe daban.

22/
Toyota ma ta daina Matrix, 2013 a Amurka, 2014 a Kanada. Amma Corolla mai wannan injin an ƙera ta da yawan da kayan cikinta ba za su yanke nan kusa ba. Kayan jiki ne ke raguwa, don kowace fitila ta asali da aka sa wa wata Vibe a Jega, an ciro ta ne daga wata da ta gama aiki, kuma tun Agusta 2009 ba a ƙara ko ɗaya ba.

23/
Masu Vibe, ku ajiye mana a ƙasa: shekarar motar, abin da mita ke nunawa, da abin da ya fi ba ku wahalar samu. Wanda tasa ta tsaya a 299,999 ya turo hoto 👇