Suna Ɗaya, Cuta Uku: Tarihin Gwaiwa

A karkarar Dambatta da Bichi, kowane kumburin maraina sunansa gwaiwa, kunya kuma ke rufe shi. Likitanci ne ya rarrabe abin da harshe ya haɗe. Wani hanji ne ya zurara. Wani ruwa ne ya taru, galibi saboda tsutsar tundurmi, wadda Patrick Manson ya gano a cikin sauro a Sin a 1877. A 1945 Golden da Ash suka raɗa wa na ukun suna: ƙari ne da ba kasafai ake gani ba, yana tsirowa daga tantanin ɗan maraina, ba ya yaɗuwa. Hannu ba ya bambanta shi da daji, sai gwajin asibiti. Manomin da ya je da wuri, ana iya cire ƙarin a bar masa ɗan marainansa.