Shata da Kalangu: Yadda Waƙa Ta Bar Ƙofar Fada Ta Shiga Kasuwa

A ƙasar Katsina ta da, makaɗi ba ya tashi haka kawai ya ce shi na kowa ne. Hakimi kamar Yandakan Katsina a Dutsin-Ma ko Maradin Katsina a Kurfi yana da maroƙa da makaɗan da ke ƙofarsa, su yi masa kirari ranar salla, su raka shi hawa, ya ɗauki nauyin ci da suturarsu. Manoma na da masu gangar noma, 'yan dambe da 'yan tauri na da nasu, mahauta kuma kalangu ne kiɗansu. Kayan kiɗan ma an raba musu daraja: taushi da kotso na sarauta ne, kalangu na talakawa. Galibi gado ake yi, ɗan makaɗi ya tashi yana yi wa ubansa amshi har ya gaje shi tare da ubangidansa. Wanda ya fi kowa rusa wannan shinge shi ne Mamman Shata, haifaffen Musawa a 1923, garin da ke tsakiyar ƙasar Katsina, ba nisa da Dutsin-Ma. A ganina abin da ya sa waƙoƙinsa suka zama na kowa shi ne bai taɓa zama mallakar kowa ba.

A wasu ƙasashe ba nan sauyin ya biyo ba. A Japan, har zuwa shekarun 1960, yawancin waƙoƙin da ke tashe aikin mutum uku ne a ƙarƙashin kamfani: mai rubuta baiti daban, mai tsara kiɗa daban, mai rerawa daban. Shi ya sa da Yumi Arai ta fitar da kundin waƙoƙinta na farko a 1973, Miyuki Nakajima kuma ta fito a 1975, kowacce tana rera abin da ta tsara da kanta, aka ɗauki abin a matsayin sabon zamani. Bahaushe ba zai ga abin mamaki a nan ba, don makaɗan fada irin su Narambaɗa da Jankiɗi da Ɗanƙwairo duk su ke shirya waƙoƙinsu. Abin da ke ɗaure mawaƙinmu shi ne ubangida. Narambaɗa, duk da fasaharsa da ba a musu a kanta, na Sarkin Gobir na Isa ne, kuma mafi yawan abin da ya rera a kewayen wannan fada yake.

Shata bai gaji kiɗa ba. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, bai so ɗansa ya zama maroƙi ba, kuma Shata da tallan goro da alewa ya fara neman na kansa. A dandali ya koyi waƙa, wurin wasan samari da 'yan mata, sannan ya bi kasuwanni ya zauna Bakori, daga baya Funtuwa da Kano. Wannan asali ya bar alama a jikin waƙarsa. Mai waƙa a kasuwa ba shi da lokacin da zai ɓata: mutane na ciniki, motoci na lodi, in bai kama kunnensu a baitin farko ba sun wuce. Don haka amshin Shata gajere ne, layi ɗaya da yaro zai riƙe a ji ɗaya, 'yan amshi su yi ta maimaita shi, masu kalangu na matse tsarkiya a hammata suna sa ganga ta bi hawa da saukar maganar, shi kuma yana zuba baiti a kai yadda wurin ya ba shi. Ya hango wani ya shigo fili, ya sa shi a waƙa nan take. Saboda haka ne za ka ji waƙa ɗaya a kaset biyu, amshin bai canja ba, baitocin kuwa sun sha bamban.

Za a ce ai shi ma roƙo ya yi, ya wasa sarakuna da attajirai, ya karɓi motoci da riguna, kuma kusancinsa da Sarkin Daura Muhammadu Bashar ba ɓoyayye ba ne, har a Daura aka binne shi da ya rasu a Yunin 1999. Haka ne. Sai dai a dubi jerin waɗanda ya yi wa waƙa: sarki yana ciki, Sarkin Bori Sule yana ciki, Indon Musawa tana ciki, direbobi da 'yan kasuwa da sojojin da suka je yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 duk suna ciki. Da Amurkawa suka sauka a wata a 1969, kumbon Apollo 11 ma ya samu tasa waƙar, ba kuwa wanda zai ce kumbo ya yi masa kyautar riga. Makaɗin fada ba shi da wannan sarari. Shata ke zaɓen wanda zai yaba, kuma yana iya juya harshe ya yi zambo, kamar yadda ya yi a Gagarabadau. A Bakandamiya kuwa kansa ya wasa, ya mai da mawaƙi abin yi wa waƙa.

Wasu kuma na cewa rediyo ce ta yi shi. Gaskiya ne gidan rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962, da faifan garmaho, da kaset daga baya, su suka kai muryarsa teburin mai shayi da tashar mota a Kurfi da Dutsin-Ma, har Maraɗi da zango-zangon Gana. Amma makirufo ɗin da ya ɗauki Shata ya ɗauki makaɗan fada ma. Waƙar fada tana buƙatar mai sauraro ya san asalin gidan da ake yabo, da wanda ake yi wa habaici cikin 'yan sarki. Ta Shata ba ta neman haka, domin tun asali an shirya ta ne don taron da ba a san juna ba, irin taron da rediyo ke da shi.

Ƙorafin da ya fi nauyi na malamai ne, a kan waƙarsa ta shan barasa da kuma zafin zambonsa, wanda ya taɓa mutuncin mutanen da ba su da bakin ramawa. Wannan ba abin karewa ba ne. 'Yancin da ya ba shi damar yabon talaka shi ne ya ba shi damar cin zarafi ba mai tsawata masa, don makaɗin fada ko ba komai yana jin kunyar ubangidansa.

Masana sun riga sun ba shi haƙƙinsa: Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Indiyana a 1975, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da tarihinsa a 2006. Abin da ya rage shi ne baitocin da ya yi a bukukuwa da filayen kasuwa, waɗanda suke a tsofaffin kaset da kuma bakin dattawa. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita su suka fi kusa da waɗannan dattawa, ya kamata su tura ɗalibansu su naɗo tun suna raye.