Ɗaurin Guga: Sunan da Magina Suka Ɗauko Daga Bakin Rijiya

Duk wanda ya shiga soron wani tsohon gidan sarauta a Kano ko Zariya ya ɗaga kai, zai ga bakuna sun taso daga bango, sun lanƙwaso, sun gitta juna a tsakiyar rufi. Sau da yawa akan manna faranti ko tasa a daidai mahaɗar, don ado. Magina na kiran wannan tsari ɗaurin guga. Baka guda ɗaya kuwa, bakan gizo ake ce masa.

Asalin sunan yana bakin rijiya. Gugan da ake jan ruwa da shi, ana gitta masa ɗauri biyu a baki, ɗaya kan ɗaya, igiya ta kama a mahaɗarsu domin nauyi ya rabu kusurwa huɗu. Kifar da gugan, ka ga rufin soro. Wanda ya raɗa sunan ya fahimci inda nauyin gini yake bi.

Rumawa ma sun yi rufi mai gittawa, kamar na gidan wankan Sarki Karakala da aka buɗe a birnin Rum a shekarar 216. Sai dai su da kankare da bulo suka yi nasu, bisa katakon da ake cirewa idan gini ya kama. Maginin Hausa bai bi wannan hanya ba. Abin da ke hannunsa ƙasa ce da azara, wadda ake tsagowa daga giginya, gara ba ta cika cin ta ba. Matsalar azara ɗaya ce: idan tazara ta wuce kamar ƙafa 6, sai ta soma saki ƙarƙashin nauyin ƙasa. To, yaya za a rufe babban zaure ba ginshiƙi a tsakiya? Sai a kafa azara cikin bango ta ɗan leƙo, a ɗaure ta da igiya, a yaɓe, a bari ta bushe, sannan a ɗora wata ta ƙara leƙowa. A haka, hawa-hawa, har ɓangarorin su haɗu a sama. Aiki ne na haƙuri, kuma na rani.

Ƙololuwar wannan fasaha ita ce Masallacin Juma'a na Zariya, wanda maginin da ake kira Babban Gwani ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846. Daga baya an lulluɓe shi da ginin siminti, abin da ni dai nake gani ya rage masa kwarjini. Masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya auna shi, kuma an gina kwafin masallacin a gidan adana gine-ginen gargajiya da ke Jos.

Yau kwano da silin sun mamaye gari, magina masu iya ɗaurin guga kuma suna ta ƙarewa. Ya kamata sassan koyar da zanen gini a jami'o'inmu su nemo dattawan da suka rage, su sa ɗalibai su koya a hannunsu tun ana ganinsu.