Awa 21 a Mako: Yadda Ma'aikatan Urugwai Suka Koyi Zaɓen Maƙwabci

Duk ƙungiyar gama-kai da ta ƙudiri gina wa 'ya'yanta gidaje tana cin karo da tambaya guda tun kafin a haƙa harsashi: wa za a ɗauka? Wanda aka ɗauka zai zama abokin bashi na shekara 25, kuma maƙwabci na tsawon rai. In ya daina biya, sauran ne za su ɗauki kasonsa. In ya daina zuwa taro, wasu kaɗan ne za su yi ta ɗawainiya har su gaji. Ga shi kuwa ranar tantancewa kowa mutumin kirki ne, kowa ya iya alkawari.

Akwai ƙasar da ta shafe sama da shekara 50 tana gwada amsa ɗaya ga wannan tambaya, wato Urugwai, wata ƙaramar ƙasa a Kudancin Amurka da ke tsakanin Ajantina da Birazil. Amsar ita ce a rage dogaro da abin da mai neman shiga ya faɗa, a shirya hanyar shigar yadda shi da kansa zai nuna halinsa.

Mafarin abin

A 1966, lokacin da tattalin arziƙin ƙasar ya taɓarɓare kuma haya ta fi ƙarfin ma'aikata, wata cibiya mai suna Centro Cooperativista Uruguayo ta taimaka wa iyalai 95 suka kafa ƙungiyoyi uku na gwaji a garuruwan Salto da Fray Bentos da Isla Mala. Ba su da kuɗin ajiya da za su nuna wa banki. Abin da suke da shi ƙarfin jikinsu ne, sai aka lissafa shi a matsayin jari.

Gwajin ya yi kyau, har ya samu gurbi a Dokar Gidaje ta Ƙasa mai lamba 13.728, wadda majalisa ta zartar a Disamban 1968, bisa jagorancin ɗan majalisa kuma masanin zanen gini Juan Pablo Terra. A ƙarƙashin tsarin, gwamnati na ba ƙungiya rancen kashi 85 cikin 100 na kuɗin aikin, mambobi kuma su cike kashi 15 da aikin hannunsu. Da Sifaniyanci ana kiran wannan ayuda mutua, wato taimakon juna. Bahaushe zai gane shi da sunan gayya, sai dai gayya ce mai rajista da littafin lissafi. A Mayun 1970 ƙungiyoyin suka haɗu suka kafa tarayyarsu, FUCVAM.

Yawancin ƙungiyoyin farko a Montevideo, babban birnin ƙasar, daga ƙungiyoyin ƙwadago suka fito, kamar na ma'aikatan masaƙu. Mutanen sun san juna a wurin aiki, sun san wanda ke biyan kuɗin ƙungiya da wanda ke zamewa ranar yajin aiki. Amma da aka fara kafa ƙungiyoyi na mutanen unguwa da ba su taɓa aiki tare ba, sanayya ta daina wadatarwa. Daga nan tsarin kansa ne ya ɗauki nauyin tacewa.

Matata uku

Matata ta farko ita ce jira. Tsakanin yi wa ƙungiya rajista da samun fili da fitowar rance, akan kwashe shekaru. A duk tsawon lokacin mamba yana biyan kuɗin wata, yana halartar babban taro, yana aiki a ɗaya daga cikin kwamitoci, alhali ko bulo ɗaya bai gani ba. Wanda ya zo da zaton gida mai araha zai samu cikin gaggawa yakan janye da kansa, ba tare da an kore shi ba, wani daga jerin masu jira ya maye gurbinsa.

Ta biyu ita ce aikin ginin. Kowane iyali na bayar da kimanin awa 21 a mako, bayan aikin da suke ci da shi. Ƙungiya kan ɗauki ƙwararrun birkiloli da shugaban aiki da kuɗi, kuma doka ta wajabta mata hulɗa da cibiyar ƙwararru mai masanin zanen gini da lauya da akanta da jami'in walwala. Leburancin kuwa na mambobi ne, maza da mata: haƙa, kwaɓa siminti, ɗaukar bulo, fenti, da gadin kaya da dare. Ana rubuta awannin kowa. Wanda bashin awanni ya taru masa sai ya yi bayani gaban 'yan uwansa, in abin ya ci tura ƙungiya na da ikon sallamarsa.

Ta uku ita ce ƙuri'a. Ba wanda ya san gidan da zai zama nasa sai an gama ginin duka, sannan a raba ta hanyar ƙuri'a tsakanin iyalan da girman gidansu ya zo ɗaya. Mutumin da ke shafe bango bai sani ba ko ɗakin 'ya'yansa yake shafewa, don haka ha'inci ba ya da riba.

Bayan waɗannan akwai sharaɗin da ya fi su tasiri. A yawancin ƙungiyoyin FUCVAM, gidajen mallakar ƙungiya ne baki ɗaya. Abin da mamba ke da shi haƙƙin zama ne na dindindin, wanda magadansa za su gada, amma ba zai sayar a kasuwa ba, ba zai ba da haya ba. In zai tashi, sai ya mayar wa ƙungiya gidan, ta biya shi kasonsa, har da ƙimar aikin da ya yi, ita kuma ta zaɓi wanda zai shigo. Mai neman kadarar da zai juya ya ci riba ba ya ma ɓata lokacinsa ya nemi shiga.

Ranar da miya ta ƙare

An ce ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Sojoji sun riƙe Urugwai daga 1973 zuwa 1985. Sun haramta tarayyar ƙwadago da harkokin jam'iyyu, sun tsuke bakin rance ga sababbin ƙungiyoyin gidaje. Amma unguwannin da aka riga aka gina sun ci gaba da taronsu da zaɓensu, da ɗakunan shan magani da makarantun reno da suka kafa wa kansu.

A 1983 bankin gidaje na gwamnati ya ƙara kuɗin da ake biya duk wata, ƙungiyoyin suka amsa da yajin biya. Gwamnati ta mayar da martani da dokar da za ta raba gidajen, kowane mamba ya zama mai gidansa kuma mai bashinsa. A ido kyauta ce, a zahiri kuwa hanya ce ta bin mutane ɗaya bayan ɗaya. Ranar 26 ga Fabrairun 1984, mambobin suka bazu ƙofa-ƙofa, suka tara sa hannu sama da 300,000 a yini guda don ƙalubalantar dokar, a ƙasar da jama'arta ba su wuce miliyan 3 ba. Bayan dawowar mulkin farar hula aka soke ta.

An miƙa wa talakawa takardar mallakar gida, suka ce ba sa so. Da wuya a samu irin wannan daga mutanen da aka tara da fom da hirar minti 30.

Inda tsarin ke ɗingishi

Kowace matata tana zubar da tsaba tare da tsakuwa. Awa 21 a mako nauyi ne ga uwar da ke renon yara ita kaɗai, da tsoho, da mai aiki biyu. Ƙungiyoyin sun rage kaifin abin da ranakun gayya, inda mambobin wasu ƙungiyoyi ke zuwa taya aiki, da asusun agaji mai biya wa wanda ya rasa aiki ko ya kwanta ciwo. Duk da haka, waɗanda suka fi kowa talauci sukan sha wuyar kaiwa ƙarshe.

Matsala ta biyu ta taso ne da tsufan ƙungiyoyin. Wanda zai maye gurbin mamban da ya shekara 20 yana biya sai ya kawo kuɗin kason da ya taru. Ke nan sabon shiga yakan fi waɗanda suka gina unguwar kuɗi, kuma bai taɓa ɗaukar bokitin siminti tare da kowa ba. A nan aka koma ga hira, da bayanin dokoki, da aikin kwamitin ilimantarwa, wato ga hanyoyin da tsarin ya kauce wa tun farko.

Inda hira da dukiya suka zama ma'auni kaɗai, an ga inda abin ke kaiwa. A manyan gine-ginen gama-kai na birnin New York, kwamiti kan binciki asusun mai nema, ya yi masa tambayoyi, ya ƙi shi ba tare da faɗin dalili ba. Ko tsohon shugaban Amurka Richard Nixon sai da ya janye daga sayen gida a 1979 saboda mazauna ginin ba sa son maƙwabtaka da shi. Irin wannan ƙofa tana tace aljihu da matsayi, ba ta cewa komai game da wanda zai zo taro ranar da rufi ya fara yoyo.

A 1995, ƙawancen ƙungiyoyin gama-kai na duniya ya sake rubuta ƙa'idojinsa a Manchester. Ta farko ta ce ƙofa a buɗe take ga duk mai iya amfana da ƙungiya wanda kuma ya yarda ya ɗauki nauyin zama mamba, ba tare da bambancin jinsi, launi, siyasa ko addini ba. Buɗe ƙofa abu ne mai sauƙin rubutawa. Auna yarda da ɗaukar nauyi shi ne aikin, kuma shi Urugwai ta samar wa sikeli.

Mai karatu da ke cikin ƙungiyar gama-kai ta ma'aikata, irin waɗanda ke yankar albashi su sayi fili su raba, ba lallai ne ya ɗauki cebur ba. Amma kafin a buga fom na gaba, yana da kyau kwamiti ya zauna ya amsa tambayoyi biyu: me mai nema zai yi na tsawon watanni, a gaban idon kowa, kafin a kira shi mamba? Kuma ranar da zai fita, me zai tafi da shi?