Yadda Ake Tace Furotin a Ɗakin Bincike

Furotin sinadari ne mai gina jiki. Ana samun sa a nama, madara, ƙwai, wake da ganyen zogale. Akwai shi kuma a cikin jini. Masana sukan ware furotin iri ɗaya daga sauran abubuwa domin su yi magani da shi.

Matan Madawa, Buza da Keita masu yin awara sun san tushen wannan aiki. Sukan jiƙa waken soya, su markaɗa, su tace, su dafa, sannan su zuba ruwan tsami. Abin da ya dunƙule, shi ne furotin. Aikin masana ya yi kama da wannan, amma su ba sa dafawa, domin zafi yana lalata furotin ɗin magani.

Matakan aikin

1. A ɗebi samfur, wato ɗan abin da za a yi aiki da shi, cikin kwalba mai tsabta. A rubuta suna da rana a jikinta.
2. A sanya shi cikin ƙanƙara nan take. Sanyin digiri 4 yana rage saurin lalacewarsa.
3. Idan ganye ne ko tsoka, a niƙa shi cikin ruwan gishiri na musamman domin furotin ya fito.
4. A sa shi cikin inji mai juyawa da sauri. Dusa takan kwanta a ƙasa, ruwa mai furotin ya tsaya a sama.
5. A ƙara wani gishiri har furotin ɗin da ake so ya dunƙule, sannan a sake tacewa.

Amfaninsa gare mu

Ta irin wannan hanya ake yin allurar maganin sarar maciji. Ana yi wa doki allurar dafi kaɗan kaɗan, har jininsa ya samar da furotin mai kashe ƙarfin dafin. Sai a ɗebi jinin, a tace furotin ɗin. Wani likita ɗan Faransa, Albert Calmette, shi ya fara haɗa irin wannan magani a 1894.

Saboda haka, idan kububuwa ta sari wani a gona, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure shi da igiya. A kwantar da mutumin, a gaggauta kai shi asibiti.