Shekara Biyu Ba Ta Isa Sanin Ƙwaro Ba

A shekarar 2012 wasu masana uku na gidan tarihin halittu na Faris, wato Fontaine da Perrard da Bouchet, sun bi diddigin sababbin nau'o'in halittu da aka raɗa wa suna a kimiyyance, suna neman sanin tsawon zaman da kowanne ya yi a ma'ajiya tun ranar da aka ɗauko shi daga daji ko teku. Matsakaicin da suka samu shekara 21 ne. A gefe guda kuma, tallafin da gidajen tarihin halittu ke bai wa matashin da ya kammala digirin digirgir don ya yi bincike a kan ma'ajiyarsu yawanci daga shekara ɗaya ne zuwa uku. Hujjar wannan maƙala tana tsakanin waɗannan lambobi: tsarin tallafin, duk da alherinsa, an yanka shi daidai da awon mujallun kimiyya, ba daidai da awon aikin da gidajen suka fi bukata ba.

Bukatar kuwa ba a ɓoye take ba. Ƙiyasin da Camilo Mora da abokan aikinsa suka fitar a 2011 ya ce nau'o'in halittun duniya, ban da bakteriya da danginsu, sun kai kimanin miliyan 8.7, kuma waɗanda aka rubuta a lokacin ba su wuce miliyan 1.2 da ɗoriya ba. Wani nazari na 2010 a kan ma'ajiyun busassun tsirrai ya nuna cewa fiye da rabin tsirrai masu fure da suka rage ba a raɗa wa suna ba an riga an tsinko su, suna kwance a manne da takarda, suna jiran idon da zai gane su. Gidan tarihin halittu na Landan na riƙe da samfura kimanin miliyan 80. Na Smithsonian a Washinton ya haura miliyan 140. Kaya dai akwai su. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mutumin da zai ja durowa ya ce wannan ba shi ne wancan ba. Ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar Riyo ta 1992 kan kare nau'o'in halittu sun amince da wannan giɓi tun 1998, har suka kafa masa shiri na musamman, amma har yau ba a cike shi ba.

Ba za a ce gidajen sun naɗe hannu ba. Smithsonian na da tallafin Peter Buck, masanin fiziks ɗin nan da ya yi arziki da shagunan abinci na Subway. Gidan tarihin halittu na Amurka da ke New York yana da asusun Frank Chapman don masu nazarin tsuntsaye, kuma tun 2006 ya kafa makarantar Richard Gilder, inda yake bayar da digirin digirgir da kansa. Tarayyar Turai na da tallafin Marie Curie, Birtaniya na da na Leverhulme mai shekara uku. Matasa da yawa sun samu tsayuwa da ƙafarsu ta waɗannan ƙofofi, kuma wanda ya raina su bai yi adalci ba.

Sai dai a duba yadda gurbin shekara biyu ke ƙarewa. Watannin farko na tafiya wajen neman izinin zama, da muhalli, da koyon hanyoyin ma'ajiya. Tun kafin a kai rabi, matashi ya fara rubuta takardun neman gurbi na gaba, domin ana buɗe su kusan shekara guda kafin a fara aiki. Abin da kwamitin tantancewa zai ƙirga kuwa shi ne maƙalu nawa ya fitar, a wace mujalla, sau nawa aka ambace su. Wanda aka ara wa gona damina biyu ba ya dasa dabino, gero zai shuka ya girbe ya tafi. Haka matashin nan zai zaɓi aikin da zai nuna da wuri: ya gutsuro ɗan nama daga samfura ɗari, ya karanta ƙwayoyin gadonsu, ya zana bishiyar dangantaka. Aiki ne mai kyau. Amma bitar dangi guda na ƙwari ko kifaye daga tushe, wadda ke bukatar aron samfura daga gidaje goma, da karanta bayanin Latin ko Jamusanci na ƙarni na sha tara, da auna gashin ƙafar ƙuda a ƙarƙashin madubin ƙara girma har ido ya saba, ba ta shiga wannan lissafi. Abin takaici ma, dubban masana za su yi amfani da sunan da ya raɗa ba tare da sun ambaci maƙalarsa ba, don al'adar rubutun kimiyya ba ta wajabta hakan ba.

Labarin dabbar nan olingito ya isa misali. A 2003 Kristofer Helgen, yana matashi, ya buɗe wata durowa a gidan tarihi na Field da ke Shikago, ya ga fatu masu jan gashi mai tsawo da aka yi wa laƙabin olingo, wata ƙaramar dabbar bishiya ta Kudancin Amurka. Ƙoƙon kai da haƙora da kunnuwa suka nuna masa akwai kuskure. Daga wannan zargi zuwa sanarwar sabon nau'i a watan Agustan 2013, shekara goma aka yi: gwada samfuran gidaje da dama, tafiya dazuzzukan hazo na tsaunukan Andis a Ekwado don a ga dabbar da rai, sannan nazarin ƙwayoyin gado. Ita ce dabba ta farko daga rukunin maciya nama da aka gano a nahiyoyin Amurka cikin shekara 35. Wani abin dariya, ɗaya daga cikinsu ta yi zama a gidajen namun dajin Amurka a shekarun 1960 da na 1970, ana ta kai ta wurin mazan olingo tana ƙin su, ba wanda ya gane cewa ba danginta ba ne. Da a ce gurbin shekara biyu kaɗai Helgen ya dogara da shi, da fatun nan suna nan da tsohon laƙabinsu.

Akwai masu cewa na'ura ta rage nisan. A ɗauki hoton kowane samfuri a sa a intanet, a karanta DNA, kwamfuta ta ƙarasa. Wannan magana tana da gaskiyarta, amma binciken da aka buga a mujallar Science a 2023, wanda ya haɗa manyan gidaje 73 a ƙasashe 28 masu riƙe da samfura fiye da biliyan 1.1, ya samu kashi 16 cikin ɗari kaɗai ke da rajista a kwamfuta. Sannan jerin ƙwayoyin gado ba ya faɗar suna da kansa. Sai an gwada shi da samfurin da wani masani ya riga ya tantance. In laƙabin farko kuskure ne, na'ura kuskuren za ta yaɗa, cikin sauri kuma. Ɓerayen Mastomys, waɗanda wasu nau'o'insu ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa, sun yi kama da juna har ido ba ya iya raba su cikin sauƙi. Ma'aikacin lafiya da ke son sanin wane ɓera ne a rumbun ƙauye yana dogara ne da aikin wanda ya zauna ya rarrabe su.

Akwai kuma hujjar kuɗi: gurbi ɗaya na shekara shida daidai yake da uku na shekara biyu, don haka gajeren tallafi ya fi raba alheri. A ganina wannan lissafi yana ƙirga waɗanda suka shiga, ba ya ƙirga waɗanda suka zauna. Masu kula da ma'ajiya na dindindin suna ritaya, sau da yawa ba a maye gurbinsu, kuma abin da ke kansu ba ya cikin littafi: rubutun hannun wane mai tarawa ne wannan, wane ne ya saba rubuta sunan tashar jirgi maimakon inda ya kama dabbar, wace kwalba aka canza wa ruwa har launi ya kuɓuce. Irin wannan sani sai da zama kusa da mai shi, shekara da shekaru.

Ga mai karatu na ƙasar Hausa, batun yana da wata fuska. A 1919 zuwa 1920 Angus Buchanan ya tashi daga Kano ya ratsa Damagaram da Damargu har tsaunukan Azbin, yana tara tsuntsaye da sauran dabbobi don gidan tarihin Walter Rothschild da ke Tring a Ingila. Wanda ya yi nazarin tsuntsayen, Ernst Hartert, shi ma ya taka ƙasar Hausa tun 1885 zuwa 1886. A farkon shekarun 1930 Rothschild ya sayar da fatun tsuntsaye kimanin 280,000 ga gidan New York. Ke nan ɗalibar Agadas ko Zariya da ke son gwada tsuntsun garinsu da samfurin asali, wanda a kansa aka raɗa sunan, sai ta nemi biza da kuɗin jirgi zuwa wata nahiya. Tallafin da aka ce a buɗe yake ga kowa, amma ana auna mai nema da yawan maƙalu a mujallu masu tsadar bugawa, ya riga ya tace ta tun kafin a karanta shawarar bincikenta. Ba don babu masu iyawa ba ne: cibiyar nazarin tsuntsaye ta Leventis da ke dajin Amurum kusa da Jos ta shafe fiye da shekara ashirin tana yaye su.

Gyaran da nake gani bai fi ƙarfin gidajen ba. A ware wasu guraben su kai shekara biyar, ko da adadinsu zai ragu, a ɗaura kowanne da wani dattijon ma'ajiya da ya kusa ajiye aiki. A wajen tantancewa, a ƙirga samfura dubu uku da matashi ya gyara wa suna kamar yadda ake ƙirga maƙala. Ga wanda ya fito daga ƙasar da aka kwaso kayan, a raba wa'adin biyu, rabi a Landan ko New York, rabi a ma'ajiyar gida irin ta tsirrai da ke Ibadan, tare da kuɗin kabad da maganin ƙwari da madubi, domin yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta yi maganar raba amfanin albarkatun halittu, kuma horon mutum ɗaya da zai dawo ya zauna yana cikin amfanin da ake iya gani a ƙirga.